Gwanina ya ci zaɓe, to yanzu me zan sa rai da shi kuma zuwa yaushe?

Ɗan_Rumfa ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta rubuce-rubucenku ban taɓa tofawa ba sai yau, don abin ya cika min ciki. Ba zan kama sunan ƙasa ko na jam'iyya ba, na san a nan akwai mutanen ƙasashe daban-daban kuma ina kama suna zance zai koma zagin juna a manta da tambayar.

Shekarata 23, wannan ne karo na farko da na kaɗa ƙuri'a kuma wanda na zaɓa shi Allah ya ba. Ni ne ma ejan ɗinsa a rumfarmu, tun gari bai gama wayewa ba nake wurin har aka gama ƙirge da fitilar waya saboda duhu ya riske mu, duk takardar da malamin zaɓe ya ɗaga sai mun ƙirga da baki gaba ɗaya, da aka zo sa hannu a takardar sakamako hannuna rawa yake yi, sau uku na ɗauki hotonta don kar wani ya ƙi fitowa. Kwana huɗu tawadar nan tana babban yatsana, in zan wanke hannu har kaucewa wurin nake. Ba wanda ya ba ni komai kuma ban nema ba, da kuɗina nake sayen data ina tura jawabansa group-group ina shan zagi. Ranar da aka faɗi sakamako wallahi kuka na yi, ban ɓoye ba.

Abin da nake fata ba shi da wani yawa. Shekara biyu ke nan da na gama jami'a, karatun shekara huɗu na yi shi a shida saboda yajin aiki, na cike fom ɗin neman aiki ban san adadi ba, akwai wanda na je jarrabawa na ci na je intabiyu aka ce mu jira saƙo, daga baya na ji an raba guraben tun kafin a buga tallar. Ni ba cewa nake sai an ba ni ofis ba, a ɗauki aiki a fili kawai, a liƙa sunaye da maki kowa ya gani, in na faɗi in san faɗuwa na yi. Sai wuta, ina da abokin da ya koyi walda ya iya sosai amma rabin abin da ya samu janareto ke cinyewa. Ƙanwata ta bar makaranta a aji biyar na sakandare saboda kuɗi, babanmu ya yi ritaya yana ta zirga-zirga a kan haƙƙinsa. Ina so in ga an kama manyan ɓarayi ko da 'yan jam'iyyarmu ne, ina so mutum ya yi tafiyar dare bai rubuta wasiyya ba, kuma ina so in ga matasa irinmu a cikin ministoci tunda mu muka tsaya a rana.

To jiya kawuna ya zo gidanmu ya tarar ina ta lissafa waɗannan, sai ya ce min yaro duk haka muka yi, ka ba shi wata shida za ka dawo ka same ni. Maganar ta tsaya min a rai na kasa barci. Shi ya sa nake tambayar manya da masana a nan, don Allah a cikin abubuwan nan wanne ne shugaba zai iya yi da wuri, wanne ne sai an yi haƙuri, kuma wace alama zan gani in san ya kama hanya ko ya sauka daga layi? Ba na so in zama ɗan kore mai kare komai, ba na kuma so in yi saurin yanke ƙauna in zalunce shi.

Tsohon_Hedimasta ya rubuta:

Wa alaikumussalam ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tsare ƙuri'arka, wannan ba ƙaramin aiki ba ne kuma kar ka bari kowa ya sa ka ji kunyar kukan da ka yi.

Za ka ji ana ta maganar kwana 100, bari in gaya maka inda ta samo asali don ka san yadda za ka auna ta. Daga Amurka ne, zamanin Franklin Roosevelt. An rantsar da shi ranar 4 ga Maris 1933, lokacin kusan mutum ɗaya cikin huɗu na masu neman aiki ba shi da aiki, bankuna suna ta durƙushewa mutane na layi suna kwashe kuɗinsu. Kwana biyu da hawansa ya rufe bankunan ƙasar gaba ɗaya na ɗan lokaci, ranar 9 ga wata majalisa ta zauna ta zartar da dokar gyaran bankuna a yini guda, daga nan zuwa tsakiyar Yuni aka yi manyan dokoki wajen 15. A ciki akwai wadda ta shafi irinku kai tsaye, aka kafa rundunar matasa marasa aiki masu shekara 18 zuwa 25 suna dashen itatuwa da gyaran dazuka da hanyoyi, ana biyan kowa dala 30 a wata amma dala 25 gida ake aika wa iyayensa, kuma kafin watan Yuli ya yi nisa an ɗebi matasa wajen dubu 250. To amma ka lura da abu biyu, mutumin nan ya shigo da shirinsa da mutanensa a hannu tun kafin rantsuwa, sannan jam'iyyarsa ce ke da rinjaye mai yawa a majalisu biyun. Wanda bai da waɗannan biyun ko ya kai kowa niyya ba zai yi wannan gudun ba.

Saboda haka ni alamar farko da nake kallo, kuma na ga hawa da saukar shugabanni da dama, ita ce jerin sunaye. Su wa ya naɗa, kuma yaushe. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A Najeriya an rantsar da Buhari ranar 29 ga Mayu 2015 da farin jinin da ba kasafai ake samun irinsa ba, amma ministoci ba su kama aiki ba sai 11 ga Nuwamba, kusan wata shida ma'aikatu na hannun manyan sakatarori ga farashin ɗanyen mai ya faɗi, masoya suna cewa tsantseni ne yana tace mutane, sai ga shi a 2016 tattalin arziki ya shiga karaya. Ban ce jinkirin ne kaɗai ya jawo ba, amma lokacin da mutane ke shirye su yafe maka komai shi ne watannin farko, in suka wuce ba sa dawowa. A Malawi kuma Chakwera ya hau a 2020 bayan kotu ta soke zaɓen baya, matasa suka yi ta murna, da ya fito da ministoci sai ga miji da mata a ciki, ga wa da ƙanwa, tun daga ranar jikin mutane ya fara sanyi. Ya yi alƙawarin ayyuka miliyan ɗaya a shekarar farko, a zaɓen 2025 mutanen suka mayar da wanda ya kayar.

Ka fi sa ido a kan kujeru huɗu zuwa biyar, ministan kuɗi, ministan shari'a, shugaban ma'aikatan fadarsa, shugabannin tsaro, da wanda aka ba hukumar yaƙi da cin hanci. Musamman shugaban ma'aikatan fada, mutane ba sa kula da shi alhali shi ke riƙe da ƙofa, takardar da ya ga dama ita ke isa teburin shugaba. Sau nawa rijiya ta ba da ruwa guga ya hana. In ka ga kujerun nan an raba su ga waɗanda suka zuba kuɗi a kamfen, to ka san wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kwangilar wutar da abokinka ke jira ita za a biya bashin da ita.

Maganar babanka kuwa ta taɓa ni don ni ma na sha wannan zirga-zirgar, na taɓa kai fayil ɗaya ofis sau bakwai ana cewa ba a gani ba. Biyan haƙƙin 'yan fansho ba ya buƙatar sabuwar doka, umarni ne da kuɗi, in a cikin wata shida ba ka ji an ware masa komai ba ka rubuta shi a gefen abin da ba a yi ba.

Yaya_Mai_Lissafi ta rubuta:

Baba Hedimasta ya gama magana a kan naɗe-naɗe, ni ta ɓangaren kuɗi zan zo maka ƙanena tunda shi ne aikina.

Duk abin da ka lissafa in ka cire ɗaukar aiki a fili da kama ɓarayi, sauran duk kuɗi ne, kuma sabon shugaba ba ya sanin ainihin abin da ke cikin baitulmali sai ya zauna a kujerar. Ka dubi Senegal. Bassirou Diomaye Faye kwana goma kafin zaɓen 24 ga Maris 2024 yana gidan yari, ya fito ya ci da kashi 54 tun zagayen farko yana da shekara 44, matasa ne suka ɗauke shi a ka. Da suka hau suka sa aka binciki littattafan gwamnati, a Fabrairun 2025 kotun binciken kuɗi ta fito da rahoto cewa bashin ƙasar a ƙarshen 2023 ya kai kusan kashi 100 na abin da ƙasar ke samarwa a shekara, alhali gwamnatin baya kashi 74 take faɗa. Asusun ba da lamuni na duniya IMF ya dakatar da shirin rancen da ke tsakaninsu, to ka ga wanda ya shigo da niyyar buɗe ayyuka ya tarar da rami, kowane wata sai an fara biyan masu bashi kafin a zo kan malamin makaranta. Don haka abu na farko da zan so ka nema daga gwaninka shi ne ya fito ya faɗa wa jama'a gaskiyar abin da ya tarar, da alƙaluma, a buga kowa ya karanta. Shugaban da ya yi shiru a kan wannan wata uku sannan ya dawo yana kuka da gwamnatin baya duk lokacin da aka matsa shi, wannan uzuri yake tarawa.

Amma kar ka ɗauka komai sai an jira, akwai abubuwan da ake yi da wuri kuma talaka ya ji a jikinsa. Mandela ya hau a Mayun 1994, a watan ya sanar da cewa mata masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara shida za a duba su kyauta a asibitocin gwamnati, 1 ga Yuni aka fara. Kibaki a Kenya an rantsar da shi ƙarshen Disambar 2002, makarantu na komawa a Janairu ya cire kuɗin firamare, yara sama da miliyan ɗaya suka ƙaru a shekarar. Hichilema na Zambiya wanda sai a takara ta shida ya ci a Agustan 2021, ya tarar da ƙasar ta riga ta kasa biyan bashinta tun Nuwambar 2020, duk da haka a Janairun 2022 ya cire kuɗin makaranta har sakandare kuma a shekarar ya ɗauki malamai sama da dubu 30. To irin wannan ne zai iya mayar da ƙanwarka aji, kuma ka ga ba shekara huɗu ya ɗauka ba. Sai dai in ka ji an ce ilimi kyauta ka yi maza ka tambaya ina azuzuwa ina malamai, don a Zambiyar azuzuwa sun cika maƙil, a Ghana ma da Akufo-Addo ya fara sakandare kyauta a Satumbar 2017 shekara na zagayowa sai da aka raba ɗalibai gida biyu, wasu na makaranta wasu na hutu, saboda wuri ya yi kaɗan.

Wuta kam ka cire rai da ganin ta tsaya a shekara ɗaya, tashar wuta da manyan layukan dakonta shekaru suke ci, abin da za ka iya gani da wuri shi ne ko an biya bashin da kamfanonin wuta ke bi, ko an fara raba mita, ko an gyara taransifoma da layukan da suka lalace. Aiki kuma gaskiya mai ɗaci, gwamnati ba za ta iya ɗaukar ku ba. Bankin Raya Afirka ya taɓa ƙiyasta cewa matasa miliyan 10 zuwa 12 ke shiga neman aiki duk shekara a nahiyar, guraben albashi da ake samarwa kuwa wajen miliyan 3 ne. Wanda zai ɗauke ka shi ne irin abokinka mai walda in kuɗin janareto ya daina cinye shi ya buɗe wuri ya nemi mai riƙe masa lissafi.

In kana son takarda ɗaya da ba ta ƙarya to kasafin kuɗinsa na farko ne. Jawabi kowa ya iya. Ka sauke kasafin a wayarka ka duba kaso nawa aka ba lafiya, shugabannin Afirka da kansu suka sa hannu a Abuja a 2001 cewa kashi 15 za su riƙa bayarwa, noma kashi 10 a Maputo a 2003, ilimi kuma ma'aunin da ƙasashe suka amince da shi a 2015 kashi 15 zuwa 20 ne. Sannan ka duba na fadar shugaban ƙasa, motoci da tafiye-tafiye da gyaran gidaje, ya ragu ko ya ƙaru. Bayan wata shida ka koma ka duba nawa aka saki a zahiri, don rubutawa daban sakin kuɗi daban, a nan ne ake yi wa ilimi da lafiya yankan baya.

Abu_Sumayya ya rubuta:

Ɗan'uwa ni ba masani ba ne amma na taɓa tsayawa inda kake tsaye yau, na yi ejan na yi kuka na yi faɗa da abokai a kan gwanina har akwai wanda yau shekara da shekaru ba ma magana, kuma abin da ya fi ci min rai ba gazawar shugaban ba ce, yadda na dinga kare shi ne bayan idona ya ga gaskiya. Aka yi naɗin da bai dace ba na ce dabara ce, kaya suka yi tsada na ce 'yan adawa ne ke ɓoyewa, aka kama wani ɗan jarida na ce shi ya ja. Shekara uku ina haka. Su kuma na sama suna ganin ko me suka yi muna nan, to me zai sa su gyara.

Ka kalli Gambiya, Barrow ya kayar da Jammeh a Disambar 2016 da alƙawarin shekara uku kawai zai yi ya shirya sabon zaɓe ya sauka, shekara ukun ta cika ya ce tsarin mulki biyar ya ba shi, waɗanda suka fito tuna masa aka watsa su da barkonon tsohuwa, ya sake tsayawa a 2021. Ruto a Kenya da sunan 'yan fafutukar neman na kai ya ci a 2022, shekara biyu ba ta cika ba matasan suka kutsa majalisa ranar 25 ga Yunin 2024 a kan dokar haraji, aka rasa rayuka, sannan ya janye dokar ya sallami kusan duka ministocinsa. Da tun farko na kusa da shi da masoyansa sun faɗa masa gaskiya ya ji, da ba a kai ga jini ba. Ni shawarata ɗaya ce, ranar da ya yi kuskure na farko kai ka fara faɗa kafin ɗan adawa ya faɗa.

Ɗan_Rumfa ya rubuta:

Na gode Baba, na gode Yaya, wallahi ban taɓa tunanin buɗe kasafin kuɗi ba sai yau. Yaya Abu Sumayya maganarka ta shige ni, jiya-jiya na kusa toshe wani abokina don ya ce gwanin namu ya fara zama da mutanen da muka yi ta zagi lokacin kamfen, kuma gaskiya ya faɗa na ga hoton da idona. Amma ba wanda ya taɓo min maganar matasa a cikin gwamnati, ni ina ganin in aka ba 'yan shekara 30 zuwa 40 rabin kujerun ministoci abubuwa za su canza don su suka san abin da muke ciki. Ko kuskure nake?

Ɗalibar_Lauya ta rubuta:

Malam Ɗan Rumfa ni sa'arka ce kusan, kuma ina son ganin matasa a sama kamar yadda kake so, amma rabin kujeru ba shi ne zai kawo abin da ka lissafa ba. Wane matashin? In ɗan wani babba ne aka ɗauko daga waje aka ba shi kujerar babansa to shekarunsa ne kawai irin namu, bai taɓa cike fom ya jira saƙo ba. Ka dubi ƙasar Jojiya, Saakashvili ya hau a 2004 yana ɗan shekara 36 da ministoci matasa, kuma sun yi abin a zo a gani, 'yan sandan hanya da suka addabi mutane da karɓar na goro ya sallame su dubbai a lokaci guda ya ɗauki sababbi ya ƙara musu albashi, cin hancin kan titi ya ragu sosai. Amma gwamnatin matasan nan ce a Nuwambar 2007 ta tarwatsa masu zanga-zanga da ƙarfi ta rufe gidan talabijin, a 2012 kuma bidiyon azabtar da fursunoni ya fito jam'iyyarsa ta faɗi zaɓen majalisa. Ƙuruciya tana kawo sauri, ba ta hana zalunci in babu mai taka burki.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne bambancin abin da ke hannun shugaba shi kaɗai da abin da sai majalisa ta yarda. Obama a 2008 kusan kashi biyu cikin uku na masu zaɓe 'yan ƙasa da shekara 30 shi suka zaɓa, kwana biyu da rantsar da shi, ranar 22 ga Janairun 2009, ya sa hannu a umarnin rufe kurkukun Guantanamo na sojan Amurka da ke tsibirin Kuba cikin shekara ɗaya, majalisa ta hana kuɗin da za a kwaso fursunonin zuwa cikin Amurka, ya yi shekara takwas ya sauka kurkukun na nan, ya dai rage su daga sama da 240 zuwa 41. Dokar inshorar lafiyarsa wadda ta bar matashi ya ci gaba da zama a inshorar iyayensa har shekara 26 sai Maris 2010 ta samu, wata 14 ana ja-in-ja. Sannan a zaɓen majalisa na Nuwambar 2010 matasan da suka cika layi a 2008 da yawa suka zauna a gida, jam'iyyarsa ta rasa kujeru 63 a majalisar wakilai, daga nan komai ya kawo sai an taka masa birki. Faye na Senegal da ya ga majalisar da ya tarar ba tasa ba ce rusa ta ya yi a Satumbar 2024 tunda tsarin mulkinsu ya ba shi dama, aka sake zaɓe a Nuwamba jam'iyyarsa ta samu kujeru 130 cikin 165. Ba kowace ƙasa ce shugaba ke da wannan ikon ba, ka duba tsarin mulkin ƙasarku. Kuma ka san sunan ɗan majalisarka? Da yawanmu mun dangwala masa ne kawai don yana jam'iyya ɗaya da gwani.

Abubuwan da ba ya buƙatar izinin kowa, ya bayyana kadarorinsa a fili ya sa ministocinsa su yi, ya rage yawan ministoci da masu ba da shawara, ya ba da umarni duk ma'aikatar da za ta ɗauki aiki ta buga sunaye da maki, ya ƙi ɗaga waya ya hana a binciki nasa, ya zauna da ƙungiyar malaman jami'a kafin su kai ga yajin aiki. Waɗannan in wata uku ta wuce bai yi ba to bai so ba ne, ba wani uzurin bashi ko majalisa. Kama ɓarawo yana iya sa a yi amma ɗaurewa aikin kotu ne kuma ya kamata ya zama na kotu, kar mu roƙi shugaban da zai ɗaure mutum ba shari'a don yau wanda muka tsana ne.

Sannan ku rubuta alƙawuran. A Masar da Mursi ya hau a 2012 ya yi alƙawari 64 na kwana 100, kan tsaro da cunkoson motoci da man fetur da shara da sauransu, wasu matasa suka buɗe shafin intanet suna bi ɗaya bayan ɗaya, kwana ɗarin ta cika ko kashi ɗaya cikin biyar bai cika ba kuma kowa ya gani a rubuce. An yi wa Obama irinsa, an yi wa Macky Sall tsohon shugaban Senegal, an yi wa Buhari. Mahama a Ghana shi da kansa ya buga jerin abin da zai yi a kwana 120 kafin ya koma mulki a Janairun 2025, ciki har da soke harajin tura kuɗi ta waya, kuma a Afrilu ya sa hannu aka soke. Kai da kake da bidiyon jawaban gwaninka duk a wayarka ai ka fi kowa kayan aiki.

Ɗan_Rumfa ya rubuta:

'Yar'uwa na karɓa, kuma gaskiya sunan ɗan majalisarmu sai da na duba hoton takardar sakamakon sannan na tuna. Na janye maganar rabin kujeru amma ban janye gaba ɗaya ba, ina nan a kan cewa ma'aikatar matasa da ta sadarwa da ta ƙwadago bai kamata a ba wanda ya haura 50 ba, kuma wanda za a ba ɗin ya zama ya taɓa neman aiki da kansa.

Daren jiya na zauna na sake kallon bidiyo 17 da ke wayata ina tsayarwa ina rubutawa a littafi, na fitar da alƙawari 31 da ya faɗa da bakinsa, kowanne na sa ranar da ya faɗa da minti nawa ne a bidiyon. Na raba su uku yadda kuka nuna min, na hannunsa shi kaɗai guda 9 ne, na kuɗi 14, sauran sai da majalisa. Abin da ya ba ni mamaki maganar ɗaukar aiki a fili da na fi ƙwallafa rai a kanta sau ɗaya kawai ya faɗe ta, a wata hira, ba ta ma cikin takardar manufofin jam'iyya, ni ne na dinga maimaita ta har na ɗauka ita ce kan gaba. Duk da haka ya faɗa kuma ina da shaidar, tana cikin tara ɗin farko.

Na kira abokin nan da na kusa toshewa na ba shi haƙuri, na ce ya shigo mu riƙe littafin tare tunda shi bai zaɓe shi ba zai ga abin da idona zai tsallake, ya yarda, mun zama mu shida duk ejan-ejan na rumfunan kusa da mu sai shi kaɗai ɗan adawa. Ƙanwata ma ta ce a ba ta shafin ilimi ita za ta riƙe. Har yanzu ina son mutumin nan kuma ina yi masa addu'a kullum Allah ya haɗa shi da mashawarta na gari. Kawu ya ce wata shida, na sa ranar a waya, zan kai masa littafin mu buɗe tare.

Yaya Mai Lissafi don Allah in kasafin ya fito zan turo shafukan a nan, ban san inda ake duba kuɗin fadar shugaban ƙasa ba da inda ake ganin abin da aka ware wa biyan bashi, ki nuna min layin da zan fara karantawa.